Ruwan Lemun da Ya Kwantar da Babanmu

Ɗazu na fizge waya daga hannun ƙanwata Hajara. Wata ce a bidiyo ke cewa a bar abinci sati biyu, a sha ruwan 'ya'yan itace zalla, teɓa za ta zube. Hajara fa mai ciwon suga ce!

Haka aka yi wa Babanmu zamanin soja, da kuɗin mai suka shigo gari. Amininsa ya dawo daga Ikko da injin matse lemu, ya sa shi barin tuwo da maganin sugansa, wai tumbi zai tafi. Kwana biyar yana ɗirkar lemu da mangwaro, a na shida aka kwaso shi sumamme daga shagon yadinsa na Ƙofar Rini zuwa asibiti.

Nas ta ce, "Mi kunka ba shi?"

Aminin ya ce, "Ai zaƙin icce na, ba sukarin kanti ba."

Ta ce, "Alhaji, jininai bai san bambanci ba."

Baba ya tashi, amma hannun damansa bai ƙara auna yadi ba.

Hajara tana goye lokacin. Ni na gani da idona.

Ku gaya mini, in ta faɗi, mai bidiyon ce za ta zo jinya?