Auduga Biyu

Tana zaune a ƙarshen bencin ɗakin gwajin jini, doguwa, siririya, da ciki ɗan wata biyar, irin wanda sai ta juya gefe ake ganewa. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya yi musu zane. Auduga biyu take dannewa, kowane hannu da tasa: ɗaya a dantse inda aka ɗebi jininta, ɗaya a ƙasan cibiya inda doguwar allura ta shiga ta ɗebo na ɗan cikin. Wai za a auna sinadarin da ke matse jijiyoyi, a ga ko jini na isar masa. Yaro ko suna bai samu ba, har an fara tatsarsa.

Mijin yana tsaye rungume da jakarta, gumi sharkaf, sai ka ce shi aka soka.

"Maigida, zauna kafin ka faɗi," in ji nas. "Gadon nan na masu ciki ne."

Matar ba ta dariya, ba ta kuma tambayar komai. Macen da ta san asibiti haka, babu goyo a bayanta, da alama ta taɓa fita daga nan hannu wofi.

Nas ta miƙo mata kofin ruwa, dole hannu ɗaya ya saki. Audugar dantse ta faɗi, jini ya gangaro.

"Baiwar Allah, jini na zuba!" in ji nas.

"Bar shi, 'yar'uwa," in ji ta, tafinta na dafe da cibiya. "Wannan nawa ne."