Yadda Na Yi Ƙoƙarin Talauta Baƙona

Tun a waya jinina ya fara hawa. Abokina ne, tare muka yi kwaleji a Zariya, ɗakinmu ɗaya, kwanon garinmu ɗaya. Ni na dawo gida Birnin Gwari na buɗe ɗan kemis, shi kuwa ya kama aikin gwamnati a Abuja ya yi ta hawa har ya ajiye tumbi. Da shekaru suka fara ja, maimakon ya kama sahun gaba a masallaci kamar sauran tsaranmu, sai ya kama kallon tsuntsaye. Ya sayi madubin hangen nesa da wata kyamara mai dogon baki. Ranar nan ya kira ni ya ce ya ɗauki hutu, zai zo ya ga tsuntsayen dajin Kamuku.

"Wane Kamuku?" na ce.

"Naku mana. Akwai wani ne?"

"Mutumina, kai ba ka sauraron rediyo?"

"Ai an ce abin ya lafa."

Ya lafa kam, ban musa ba. Kasuwa tana ci, motoci suna wucewa, har mutanen wajen Randagi sun fara leƙa gonakin da suka gudu suka bari. Amma masu bindigar da ke satar mutane ba ƙasa ce ta haɗiye su ba, suna nan cikin dajin, kuma kowa ya sani. Na roƙe shi, na rantse masa, na haɗa shi da girman iyayensa. Ya yi dariya ya ce tun muna makaranta ni matsoraci ne. Ranar wata Laraba da la'asar sai ga shi a ƙofar kemis da jaka a baya da malfa a ka. Abu ɗaya kawai ya ji daga maganata, ya bar motarsa a Kaduna ya shigo ta haya.

Ko ruwa bai gama sha ba ya zaro waya ya nuna mini masaukin da ya zaɓa. Wani gidan baƙi ne can ƙarshen gari, bayansa babu ko bukka, sai gonaki, sai daji.

"Dubi nan," in ji shi, yana murna. "Shiru, ba hayaniya. Tagar ma daji take kallo. Kuma ba wanda ya san ni, ba mai damuna."

"Ka gama?"

"Me kuma?"

"Tagar da kake kallon daji ta cikinta, shi ma dajin ta nan yake kallon ka. Ɗauki jakarka mu tafi gida."

Ya tsaya kai da fata, wai shi ba ya son takura wa iyalina. Na ce ai ka riga ka takura musu tun da ka sauka a tasha.

A nan baƙo ba ya zaɓen masauki, saukar da shi ake yi. Dole a sami ɗan gari ya ce wannan nawa ne, ya kai shi gaban mai unguwa, ya nuna fuskarsa ga 'yan sintirin da ke gadin unguwa da dare. Baƙon da ba shi da mai shi suna ɗaya ake ba shi, infoma, wato mai kai wa mutanen daji labari, kuma wanda aka ba wannan suna ba kasafai ake tsayawa jin ta bakinsa ba. Wannan kam abokina ya ɗan gane shi. Abin da ya gagare shi shi ne na biyun. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, idan masinja ya zo masa daga Kaduna, kafin baƙon ya cinye tuwo ya mayar da shi akawu a gaban maƙwabta, kafin ya tafi ya zama babban sakatare. Haka aka san mu da kambama baƙo. Yanzu abin ya juye. In kana ƙaunar baƙonka, talauta shi za ka yi. Ɗan kasuwa ya zama yaron shago, likita ya zama mai share asibiti, domin maganar da aka yi a teburin mai shayi takan isa daji kafin shayin ya huce, kuma su can ba sunanka suke tambaya ba, abin da danginka za su iya haɗawa suke tambaya.

Na sauke shi a ɗakin zaurena, tsakiyar unguwa, jikin katangar mai injin niƙa. Matata ta zaro wani kaftanina da ya koɗe da silifas mai ɗinki, na ce ya cire agogo ya saka su. Ya ɗaga kaftanin da yatsu biyu yana yamutsa fuska.

"Wannan ai wulaƙanci ne."

"Shi ne sulkenka. Saka."

Da muka je wurin mai unguwa na durƙusa na ce, "Baba, ga baƙo na yi. Ɗan'uwan matata ne, malamin firamare, ya zo ko zai sami masara mai sauƙi."

Abokina ya buɗe baki, na take masa ƙafa. Mai unguwa ya dubi tumbin, ya dubi tafin hannun nan mai laushi da bai taɓa riƙe ko alli ba, ya dubi farin zanen da agogo ya bari. Tsohon ya gane komai. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Allah sarki, malaman firamare ana shan wahala. Allah Ya rufa asiri, malam." A hanyar komawa abokina ya wuce gaba yana huci.

Da dare kuma muka sake sabuwa. Ashe ya karanta wasu shawarwari na masu yawon buɗe ido a waya, wai in za ka fita da dare a garin da ba ka sani ba ka saka kaya masu duhu, ka bi gefe, kada ka kula kowa, kada ka faɗa wa kowa inda ka sauka. Na ce wanda ya rubuta wannan so yake a kashe ka. A nan bayan isha'i baƙo ba ya fita. In ta kama dole, farar riga ake sakawa, a bi tsakiyar hanya, ana jan takalmi ana gyaran murya. Tocila ƙafarka za ka haska, ba fuskar mutane ba, ba kuma jeji ba. In aka ce wane ne nan, kafin a rufe baki ka ce baƙon mai kemis ne. Na sa shi ya maimaita kamar ɗan aji ɗaya. Madubin da kyamarar kuwa na karɓe, na ba matata ta kulle a akwatinta, don mutumin da aka gani yana hangen daji da irin wannan abu ya gama yi wa kansa bayani.

Kwana biyu muka yi lafiya, in dai za a kira mita lafiya. Injin niƙa ya hana shi barci, awakin maƙwabta sun hana shi tunani, masu zuwa gaishe da malamin firamare sun hana shi sakat. Wata tsohuwa ma ta aiko masa da dafaffen rogo don ta ji an ce albashinsu ba ya isa. Kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu shiga Kamuku, ni kuma in ce ana dubawa. Babu abin da nake dubawa, hutunsa nake jira ya ƙare.

A rana ta uku, ina shirin rufe kemis bayan isha'i, matata ta kira ni.

"Malam, kai ka ce in ba baƙo madubinsa?"

"Ni? Yaushe?"

"Ya ce kai ka aiko shi. Ga tuwonsa nan ma bai taɓa ba, kuma ba ya ɗaki."

Ban san lokacin da na bar ƙofar kemis a buɗe ba. Ban yi nisa ba na hango taro a teburin mai shayi na bakin mararraba. Abokina yana zaune a ƙasa cikin wata baƙar rigar sanyi, madubin yana kan tebur, 'yan sintiri sun kewaye shi da gora da bindigogin toka. A bayan gidan ƙarshe suka same shi, tsugune a gindin kwalbati, tocila a kashe, yana hangen daji. Wai kukan yautai ya ji, tsuntsun nan mai kwanciya a hanya da dare. Da suka ce wane ne, sai ya tuna da shawarar waya ya yi gum. Mari ɗaya kawai ya sha, wanda a irin wannan hali sai a ce an yi masa alfarma.

Allah Ya taimake ni, shugaban sintirin daren maƙwabcina ne, wani Bagware da ya baro ƙauyensu ya dawo gari bayan an kashe ƙanensa a gona. Ranar da na zaga da baƙon yana wurin taron cocinsu, shi ya sa bai san fuskarsa ba.

"Nawa ne! Wallahi nawa ne!" na ce, ina haki. "Malamin firamaren nan ne, ɗan'uwan matata."

Maƙwabcina ya dube ni, ya dubi madubin, ya dubi taron. Shi ma ya gane, ya kuma kama mini.

"Au, shi ne wanda ka ce kan nasa..." Ya ɗora yatsa a gefen goshi ya juya.

"Shi ne. Tun da albashi ya riƙa makalewa ya koma bin tsuntsaye. Madubin ma aro ya yi."

Wani ya tuntsire da dariya, saura suka bi. Gorori suka sauka. Wanda ya yi marin ya fara sosa ƙeya yana ba da haƙuri, wani dattijo ya ce a haɗa wa bawan Allah shayi a kansa. Na yi hamdala a zuci, na miƙa hannu in ɗaga shi mu tafi.

Sai ya ture hannuna ya miƙe da kansa.

"Ya isa haka!" in ji shi. "Ni ba mahaukaci ba ne, ni ba malamin firamare ba ne. Ni mataimakin darakta ne a Abuja. Gidan da nake ciki nawa ne, 'ya'yana biyu suna karatu a waje. Wannan madubin da kuɗina na saya, kuma ya fi babur ɗin kowa a nan tsada. Kai kuma," ya nuna ni, "ka ji kunya. Shekara da shekaru muna tare, hassada ta sa kana ƙasƙanta ni a gaban mutane."

Ban taɓa jin sha'awar marin babban mutum irin ta wannan lokaci ba. Na dubi benci, akwai fuskokin da na sani tun suna yara, akwai kuma waɗanda ban sani ba. Wani mai rawani ya kurɓe sauran shayinsa, ya tashi babur ya tafi. Wataƙila gidansa ya nufa wurin iyalinsa, ban sani ba, kuma rashin sanin shi ne ciwon.

Maƙwabcina ya matso kusa da kunnena ya ce, "Mai kemis, kayan nan naka kada rana ta fito ta same su a garin nan."

A gidan mai unguwa abokina ya kwana, can cikin ɗakin ajiyar hatsi, 'yan sintiri biyu a ƙofa. Ana idar da sallar asuba muka cusa shi gaban wata motar masara mai zuwa Kaduna, tsakanin direba da wata mata mai kwandon kaji. Na miƙa masa jakarsa ta taga, ya karɓa bai dube ni ba. Ban koma gida ba sai da direban ya kira ni ya ce sun fita daga dajin.

Na ɗauka shi ke nan, ashe nawa ne ya fara. Kafin azahar sunana ya tashi daga mai kemis ya koma abokin darakta. Wasu da tsokana suke faɗa, wasu ban san da me suke faɗa ba. Mai unguwa ya kira ni ya ce, "Ɗana, wanda yake da aboki irin wannan, ana ganin akwai mai fansarsa. Ka ɗan riƙa sauya wurin kwana." Na tura matata da yara gidan iyayenta, na koma rufe kemis tun kafin magariba. Ni da gidana, ni da katifata, na koma yawo da tabarma a hammata, yau zauren wannan, gobe shagon wancan.

Ina kwance a zauren wani ƙanen mahaifina, sauro na cin rabonsa, saƙon abokina ya shigo. Ya ce ya huce, ya yafe mini. Ya ce in duba da kyau, har ya zo ya tafi babu abin da ya faru, tsoro ne kawai ya yi mana yawa. Ya ce bayan damina zai dawo da abokan aikinsa biyu, su ma masu son tsuntsaye ne, in fara nema musu ɗaki mai kallon daji.

Na san shi, roƙo ba ya hana shi, rantsuwa ba ta hana shi. A gidanmu ba a taɓa mayar da baƙo daga ƙofa ba, kuma wannan mutumin ya ciyar da ni a makaranta lokacin da ba ni da ko sisi. Na rubuta masa cewa in ya sake sako ƙafa a garin nan, duk wanda ya tambaye ni zan ce ban san shi ba, ban taɓa ganin sa ba. Na tura.

Bai amsa ba. Bai zo ba, bai kuma ƙara kira na ba har yau. Nakan ji labarinsa a bakin mutane, an ce yana nan lafiya, har an ƙara masa girma.