Gidan da Tipene Ya Gina wa Mereana

Shekara goma sha ɗaya Tipene Waihape ya yi yana walda a kamfanin harba rokoki da ke bakin tekunmu, ni kuma ina dafa wa ma'aikata abinci. Tun rasuwar matarsa, a teburin ƙarshe yake cin nasa shi kaɗai, yana kallon ruwa. 'Yarsa tilo, Mereana, tana can birnin Perth, a ƙetaren teku, da yaranta biyu.

Ban da albashi, kamfanin kan ba mu hannun jari. Sai dai ba a kai shi kasuwa. Sau ɗaya a shekara biyu ake buɗe ƙofar ciniki ta kwana goma, mai sayarwa ya sayar, a rufe. Sau huɗu ana buɗewa, wani ya sayi kwalekwale, wani ya gyara rufin gida, amma Tipene ko kallon takardar ba ya yi. Ya ce kakansa ya taɓa sa hannu ya sayar da gonar gado, har ya mutu bai ƙara ɗaga kai a taron dangi ba. A wurinsa hannun jari ƙasa ce, ita kuwa jikoki ake bar wa.

Na ce masa, "Kai dai Tipene akwai taurin kai. Takarda ce fa, ko dankali ba ta fitarwa." Sai ya yi murmushi ya miƙo mini faranti.

Wata uku da rufe ƙofa ta huɗu, Mereana ta bugo waya. Aurenta ya mutu, tana so ta dawo gida, ga shi ɗakin uban ɗaya ne, kuma yana yoyo. Washegari Tipene ya je ofis neman sayarwa, aka ce ya jira zagayowar lokaci. Ya samo mai saye a waje, kamfanin ya ƙi amincewa. Banki ma ya ce ba ya karɓar jinginar abin da ba ya sayuwa. A takarda attajiri, aljihu kuwa wayam. Abin ya ƙona mini rai, har na daina tsokanarsa.

Ranar da aka sake buɗewa shi ya fara sa hannu. Ya sayar da duka. Ya gina gida mai ɗaki uku a filin dangi, gadajen yaran ma da kansa ya yi waldarsu. Da ya kira Mereana, sai ta ce ta sami aiki, ta kama gida, yaran sun saba da makaranta.

"Baba, da a bara ne," ta ce.

Yanzu ya yi ritaya. Kullum da safe in zan wuce aiki ina ganinsa yana buɗe tagogin sabon gidan ɗaya bayan ɗaya, don iska ta shiga. Shi kuwa har yau a ɗakin nan mai yoyo yake kwana. Na tambaye shi dalili, ya ce ai gidan ba nasa ba ne, na jikoki ne.