Gangar da Ta Tsaya a Tsakiyar Kuyya

Ni na rubuta dokokin da hannuna, shi ya sa har yau ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Na daɗe ina yi wa wani tsohon makaɗin noma amshi a Wurno. Baba muke ce masa. Da hannunsa ya soma rawa, sai ya ce zai bar gangarsa ga ɗaya daga cikin waɗanda ya koya wa kiɗa, kuma wanda ya samu zai kwaso iyalinsa ya zauna a sashen gidansa da ba kowa. Su tara ne, a warwatse daga Marnona har ƙauyukan bayan Gandi. Da can tara su za a yi a gona ɗaya a ji hannun kowa. Yanzu hanya ba ta biyuwa yadda ake so saboda 'yan bindiga. Aka ce kowa ya ɗauki kiɗansa a waya, ya aiko da memori ta hannun ɗan kabu-kabu ranar kasuwa.

Alƙalai mu uku ne: Baba, da amininsa wani malamin firamare mai ritaya, da ni. Ni a aji shida na tsaya, amma ina tsoron a cuci wani da bakina. Na sayi littafi na zauna na yi dokoki. Ba suna, sai lamba. A gona za a ɗauka, a ji ƙarar fartanya, don kada wani ya shiga ɗaki ya yi ta gyarawa. Ɗauka ɗaya, ba yanke. Wanda ya tsaya kafin manomi ya kai ƙarshen kuyya, wato kunyar da yake nomewa, ya faɗi. Wannan ta ƙarshe ba ƙirƙira ta na yi ba. A wurinmu makaɗin da ya saki ganga manomi na duƙe ya kunyata shi.

Ranar sauraro da hantsi muka zauna a zauren Baba, na sa wayar cikin ƙwarya don sauti ya fito. Shida suka wuce. Da ta bakwai ta soma, Baba ya daina tauna goro. Hannun ba ya gudu, ba ya jan ƙafa, fartanya tana sauka daidai kan bugun. Can sai kiɗan ya yi ƙasa, ya ɗauke. Fartanyar ma ta tsaya.

Sai ƙarar babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na ƙirga har sha ɗaya na rikice. Ba gaisuwa, ba oda. Kusa da wayar mutum yana numfashi ta baki, a hankali. Da ƙarar ta yi nisa, sai gangar ta dawo daidai inda ta tsaya, har aka kai ƙarshen kuyya.

“To, ya hwaɗi,” in ji Malam. “Kai ka rubuta, ba ni ba.”

“Malam, ba ka ji abin da yas sa ba?”

“Na ji. Na ukku hwa, da injin ban-ruwa yad danne mai kiɗa? Ka ce ba ruwanmu. Yanzu mi ya canza?”

Baba ya ce, “Wanga hannu ko cikin barci na san shi. Ku ba shi, ku bar wahal da tsoho.”

“Baba, in ka san shi ai lambar ba ta da amfani,” na ce.

“Kai dai da takardarka! Ko gaisuwa sai ka duba doka.”

Kwana uku ina juya abin. In na ba shi, me zan ce wa takwas da suka bi doka? In na hana shi, na hukunta mutum don ya ɓoya. Daga ƙarshe na ga kamar na samo adalci: kowa ya sake ɗauka, su tara duka, bisa doka ɗaya. Malam ya yarda. Baba ya tashi ya shige gida. Na ba ɗan kabu-kabun saƙo.

Sai da ya tafi, ina wanke hannu bayan abincin rana, abin ya faɗo mini. Gangar noma ana jin ta daga gari zuwa gari. Na aika wa magidanci ya koma gonar nan, bakin hanyar nan, ya sake kiran kunnuwa kansa, don littafina ya zauna daidai.

Na buɗe takardar da ke haɗa suna da lamba, na kira wayar na bakwai ɗin. Ba ta shiga. A can sai an hau tudu ake samun sabis. Na je wurin Baba na gaya masa, ya ce in aika a ce ya taho kawai, shi da matarsa da ɗiyansa, ganga tasa ce. Mota ba ta zuwa sai wata kasuwar.

Ranar kasuwa tun safe ina tasha. Ɗan kabu-kabun ya zuba mini memori a tafin hannu. Na ƙirga sau biyu. Takwas.

“Na can bayan Gandi hwa?”

“Kawu, garin sun tashi tun shekaranjiya. Wasu sun yi Rabah, wasu Goronyo. Ban ga wanda zan tambaya ba.”

Takwas ɗin suna nan cikin kwalin ashana, ban saurara ba. Baba ya rataye gangar a zaure, ya sa an share sashen an kafa ƙyaure. Duk ranar kasuwa ina zuwa tasha, ina duban fuskar duk wanda ya sauko da kaya da yara.