Kifin da Ya Mayar Cikin Ƙanƙara

Shekarar da aka kawo maganar aurena, kifi ne ya kusa wargaza ta.

Babana tela ne a unguwar Ƙurban, amma kafin ya zo Madina masunci ne a Tafkin Chadi, kuma har yau ba a yi masa gardama a kan ruwa. Wanda ke nemana haifaffen nan ne, yana aiki a matatar mai ta Yanbu. Yana jin Hausa sarai, sai dai in zai amsa rabin maganar da Larabci take fitowa. A lokacin an tura shi ƙaro ilmi wata ƙasa mai tsananin sanyi, da ya zo ɗan hutu sai ya shigo gaida Baba.

Ina bayan labule da tiren shayi na ji Baba yana tambayarsa ko akwai ruwa a ƙasar.

"Akwai tafki, ya ammi. Ranar hutu muna shiga tsakiyarsa da mota, mu huda rami, mu kama kifi."

"Da jirgi dai."

"La, da mota."

Sai da baƙon ya tafi Baba ya kira ni, ya ce mutumin da zai zauna a kan tabarmarsa ya gaya masa mota na tafiya a kan ruwa, wata rana zai gaya mini abin da ya fi haka. Ba zai ba maƙaryaci 'yarsa ba. Ya ce ya san ƙanƙara, wadda ake saya a zuba a kula, amma tafki guda ba ya zama dutse.

Na sha kuka. Ni da na girma da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, tun ranar da masoyina ya fara ambata mini tafkin nake hango shi cikin farin kwalekwale, rana na faɗuwa, yana tuna ni. Maganar mota ni ma ban taɓa ji ba, kuma a ɓoye na fara tsoron ko Baba ne ke da gaskiya.

Bayan masoyina ya koma can na rubuta masa cewa in yana sona ya nuna wa Baba da ido. Muka sa rana. Asabar bayan la'asar, lokacin can safiya ce, na kira shi ta bidiyo na jingina waya da keken ɗinki, Umma ta tsaya a bayanmu.

Abin da ya fara bayyana fari ne fat, ba bishiya ba gida, har ƙarshen gani. Sai wata fuska ta leƙo. Ban gane shi ba. Gemunsa ya yi furfurar ƙanƙara, hancinsa na zuba, ya naɗe cikin tufafi kamar buhun gawayi. Ba kwalekwale. A kan bokitin da aka kife yake zaune.

Ya juya wayar, ga motoci uku a tsaye.

"Wannan fili ne," in ji Baba. "Ina ruwan?"

Wani abokin aikinsa ya kafa wani dogon ƙarfe mai murɗe, ya tayar da inji, ƙarfen ya riƙa nutsewa yana fitar da farin gari. Can sai ruwa ya ɓullo, baƙi ƙirin, ya malalo har kan takalmansu. Umma ta dafa kafaɗata tana salati. Baba ya cire tabarau ya goge, ya matso har hancinsa na taɓa wayar.

"Kai yaro, yanzu a kan ruwa kake zaune?"

"Aiwa, ya ammi."

"Zurfinsa?"

"Ya fi gidanku tsawo."

"Tashi daga nan."

Bai tashi ba. Ya sa ɗan kifi a ƙugiya, ya zura a ramin da bai fi bakin tukunya ba, yana ɗan girgiza wata fatsa gajeruwa kamar ta wasan yara. Ƙanana suka fara zuwa, masu ratsin rawaya da baƙi. Yana jefa su gefe su yi tsalle biyu su sandare. Baba ya ce ko karfasa ta fi su auki, amma muryarsa ta sauya. Har ya fara ba da umarni: sassauta, kar ka fizga, bar shi ya haɗiye.

Sai fatsar ta lanƙwashe. Masoyina ya durƙusa, ya zura hannu cikin ruwan nan har gwiwar hannu, ya zaro wani kifi mai tsawon kamu, launin zinariya, idonsa fari kamar gilashi. Baba ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba. Na ce a raina shi ke nan, an ɗaura aure.

Masoyina ya ciro tef ya auna kifin daga baki zuwa wutsiya.

"Riga za ka ɗinka masa?" in ji Baba yana dariya.

Shi kuwa ya riƙe kifin da hannu biyu, ya sa kan kifin a ramin, ya sake shi. Wutsiyar ta kaɗa sau ɗaya ta ɓace.

Baba ya daina dariya.

"Kuɓuce maka ya yi?"

"La, ya ammi. Ya wuce awo. Mamnu'i ne, an hana. Manyan su ne masu ƙwai, doka ta ce a mayar."

"Akwai askari a wurin?"

"Babu."

"Wa zai sani?"

"Ba kowa, ya ammi."

Baba ya koma ya zauna a hankali, ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya miƙo mini wayar, ya tayar da kekensa, ya ɗinka hannun riga guda ba tare da ya kalli kowa ba. Ni dai ina tsaye riƙe da fuskar nan mai zubar da majina, ban san ko in yi kuka ba.

Da aka kira magariba ya ɗauki carbinsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ba maƙaryaci ba ne," ya ce wa Umma. "Hankalin ne dai ban tabbatar ba. Ki ce iyayensa su zo. Amma a gaya masa, 'yata ba za ta taka wancan abin ba, ko da ƙafa ɗaya."

Har yau ban taka ba. Shi kuwa Baba, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ji labarin, kuma kifin kullum ƙara tsawo yake.