Zogalen Umma da Mitar Gas

Wata ranar Asabar ce, saura kwana tara a fara azumi, shekarar da na cika goma sha ɗaya, wasu mutum biyu suka shigo gidanmu na unguwar Najma, can ƙasar Larabawa inda muke zaune, ɗauke da na'urar awo mai ƙafa uku. Ina tsugune a gindin zogalen Umma ina juye masa ruwa. Suka leƙa, suka auna, ɗayansu ya ja layi da jan fenti tun daga ƙofar gida har bayan kicin. Ni aka kira tafinta, don ni ce mai Larabcin makaranta. Tsohon maƙwabcinmu ya rasu, 'ya'yansa za su raba gado, da aka duba takarda sai aka ga katangarmu ta ci kamu biyu cikin filinsu. Za a rushe ta a dawo da ita kan layin.

Gidan haya ne, iyali uku muke ciki, ba mu taɓa ganin mai shi ba sai muryar wakilinsa a waya. Abin da muke kira tsakar gida wani siririn lungu ne tsakanin kicin da katanga, a nan Umma ta shuka zogalen. A bakin zane ta ƙullo irinsa daga gidan kakata a Funtuwa, shekarar da ta je ta'aziyyarta. Ƙasar wurin duk tsakuwa ce da gishiri, sai da Baba ya yi ta kawo mata taki a buhu a hanyarsa ta dawowa daga garejin da yake aiki a unguwar Sanaiya. Aikina kullum shi ne tara ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyaya ɗaki a bokitin fenti, in kai masa safe da yamma. A 'yar inuwarsa muke wasan carafke da duwatsu, a nan Baba yake zaunar da mu bayan la'asar da allo da tawada, ya koya mana ajami. A jikin katangar ma ya rubuta sunayenmu, kowa da zanen tsayinsa. Ranar Juma'a kuwa abokan aikinsa, 'yan Kano da 'yan Kumasi, sukan zo cin kwaɗon zogale. Akwai wanda na ga ya kai loma yana share ido.

Da masu awo suka fita, Umma ta durƙusa ta gwada da hannunta. Layin ya bar gindin bishiyar da faɗin tafin hannu ɗaya. Ta yi ta hamdala. Baba bai yi gardamar katanga ba ko kaɗan. Abin da ya ce kawai, "Ko yatsa ɗaya ne na marayu, ba na son in yi salla a kansa."

Ba wanda ya tuna da mita. Gidan yana da babban tankin gas a bakin ƙofa, bututunsa ya bi jikin tsohuwar katanga zuwa mitar da ke raba wa kicin uku. Ranar da za a fara rusau aka rufe gas ɗin, aka kwance mitar. Gida uku muka koma layi a kan ƙaramin risho ɗaya na aro, ga azumi ya matso.

Ana saura kwana uku aka turo mai gyara. Da ya yi sallama da Hausa, Umma ta kusa yar da ludayi. Bitrus ne sunansa, mutumin Kafanchan. Ta shimfiɗa masa darduma, ta cika masa kwano da kwaɗo, tana cewa, "Alhamdulillahi, ɗan gida Allah Ya kawo mana." Ya cinye har ya suɗe yatsu, sannan ya ɗauko tef ya fara awo. Doka ta ce mita ta yi nesa da taga, ta yi nesa da wayar lantarki, kuma kada saiwa ta kusanci bututu. Ya auna daga dama, ya auna daga hagu, ya sake daga farko. Duk inda ya ja tef ɗin, a gindin zogale yake ƙarewa.

"Mama," ya ce, bai iya ɗaga kai ba, "da na sani ban ci ba."

"To ɗana, ka ɗan kauce mana, ko kamu ɗaya."

"In na kauce, mai dubawa ba zai sa hannu ba. Kuma in wani abu ya faru, ga yara."

Aka ba ni waya in roƙi wakilin mai gida. Na shirya Larabcina tsaf, ban kai rabi ba ya ce, "Khalas, zance ya ƙare, a sare," ya kashe. Umma tana kallon bakina. Ban fassara ba, ita ma ba ta tambaya ba. Matan gidan suna tsaye a ƙofar kicin, kowa ya san tukwane uku ne ke jira. Umma ce da kanta ta shiga ta ɗauko adda ta miƙa wa Baba. Muka zauna muna tsinke ganyen har magariba, muka shanya a ɗaki, da shi aka yi miyar azumin shekarar. Bitrus ya yanko reshe uku ya dasa mana a bokitin fentina. Na yi ta ba su ruwa, zafi ya ƙone su kafin salla.

Yanzu ina zaune a bene, hawa na bakwai, da lantarki nake girki, garin zogale kuma a leda nake sayensa. Ruwan na'urar sanyaya ɗakina yana bin bututu ya sauka inda ban sani ba. Umma ta koma ga Mahaliccinta, Allah Ya jiƙanta. Bara na bi ta Najma, na leƙa ta ƙofar gidan. Mitar tana nan a kan siminti, fentinta ya koɗe, wani tsohon fanfo na ɗiga a gefenta. Na daɗe tsaye ina kallon ruwan yana tafiya a banza.