Kunnuwan Isiyaku

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Isiyaku. Da yana raye, da yanzu ya kusa gama elementare a Gumel, yana neman aron littattafaina.

An haife shi da kunnuwa a buɗe, kamar an kafa su daga baya. Ungozoma ta yi ta danna su da tsumma mai zafi har aka gama wankan jego, ba su kwanta ba. Kakarmu takan ce wannan mijin nata ba ya buƙatar faifai, da kunne zai yi fifita. Shi dariya yake yi. Yakan riga kowa jin kukan motar Maigatari tun tana nesa, ya yi ta alfahari da hakan.

Inna ce abin ya dama. Matan gidanmu a Sule Tankarkar sun ce sakacinta ne, ba ta iya kwantar da jariri ba. Yara kuma na binsa da “Jemage”. Inna ta ɗinka masa hula mai zurfi, ya riƙa cirewa.

Ranar wata kasuwa aka zo da wanzami, wai ya taɓa yi wa wani yaro a Gagarawa. Ya tsaga bayan kowane kunne, ya ɗinke da zare, ya shafa toka, ya naɗe kan da rawani. Isiyaku ya tambaye ni, “Yaya, in sun kwanta zan ci gaba da jin mota?” Na ce masa zai ji.

Wajen ya kumbura. Daga baya haƙoransa suka datse, wuyansa ya sandare. A hanyar Gumel ya cika, a kan jaki.

Kwanan baya malaminmu na kiwon lafiya ya ce a manyan asibitoci likita kan sa yaro barci, ya gyara kunnen da kayan aikin da aka dafa, yaron ya warke. Na rubuta a littafina. Ko da Isiyaku ya ji wannan, zai so a yi masa? Ban tsammani. Ba wanda ya tambaye shi ma a lokacin.

Bara yayarmu ta haihu, ɗan ya zo da kunnuwan nan sak. Ungozoma ta miƙa hannu ga tsumma, Inna ta riƙe ta, ta ce, “Ki bar masa abinsa.”

Allah ya ji ƙan Isiyaku. Sunansa aka sa wa yaron.